Dabinon da Ba Ya Haihuwa

Ni ba haifaffen Dutse ba ne, kuma duk daɗewar da na yi a garin nan mutanensa ba su taɓa bari na manta ba. A wani ƙauye na ƙasar Jahun aka yanke cibiyata, inda ba mu san komai ba sai gero da dawa da wake, sai kuka da tsamiya a bakin gona. Dabino kuwa sai in wani ya je kasuwa ya riƙo biyu uku a aljihu, a raba ana kallon hannun juna. Yunwar da aka yi 'yan shekaru bayan zuwan Nasara ita ta koro ni. Na saɓa fartanya na shigo Dutse ƙodago, in yi damina, a yi girbi in koma gida. Damina uku na yi wa wani dattijo noma a gindin duwatsu, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa kirana baƙo ba. 'Ya'yansa biyu ne, namiji da mace. Macen ta fito daga wani aure da bai yi albarka ba, ba ta haihu a can ba, tana zawarci a gida. Ita ke aiko mana da fura gona, kuma ban daɗe ba na lura ƙwaryata ta fi ta sauran nono.

Bayan damina ta uku dattijon ya rasu. Da aka raba gado ɗan ya ɗauki gida da babbar gona da garkar bayan gida, ita kuma aka ba ta wani ɗan fili a bakin rafi mai bishiyar dabino biyar. Takabar uwarsu na ƙarewa ta ce ni za ta aura. Wan nata ya riga ya yi wa wani abokinsa mai fataucin fata alkawarinta, amma bazawara ba a yi mata dole, uwar kuma ta goyi bayanta. Haka aka ɗaura, shi ne ma waliyyi, fuskar nan tasa kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Bari in faɗi yadda mutumin nan yake. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu a haɓa, ba ya ɗaga murya, ba ya zagi. Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi. In na durƙusa na ce, “Yaya, ina kwana,” sai ya amsa wa carbinsa. In zai yi maganata, ko ina zaune a wurin, sai ya ce “baƙon nan”. Ranar ɗaurin aure ma cewa ya yi da liman, “To, a ba ɗan ƙodagon, tunda ta ce shi ta gani.”

Da shigowar bazara ta tare a ɗakuna biyun da na gina a ƙarshen unguwa. Zaman ba laifi. Ni ina noma gonar aro, da rani ina dakon kaya da jakina, ita tana kaɗi tana sayar da zare, tuwonta kuma ba ya kwana a tukunya. Sai dai mace ce mai kaifin baki, kuma gyara a jininta yake. In na ɗaure jaki, a Dutse ba nan ake ɗaurewa ba. In na gaida maƙwabci, a Dutse ba haka ake gaida irinsa ba. A waje wanta da mutanensa suna yi mini kallon ɗan ƙauye, a gida matata tana koya mini zaman duniya. Abin ya ishe ni, na rantse a zuciyata ba zan ƙara tambayar ɗan Dutse komai ba, ko da hanyar masallaci ce. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni nawa har da kunne biyu na naɗa shi.

A bazarar nan na fara ganin dabinon nata da kyau. Huɗu sun yi nauyi, nonon dabino ya sauko har sai da aka ɗaɗɗaure shi da igiya. Na biyar, wanda ya fi su tsawo da kauri, ko ƙwaya ɗaya babu. Ni manomi ne, a wurinmu abin da ya ci ƙasa ya sha ruwa bai ba da komai ba, tuge shi ake yi. Wata rana muna cin tuwo na ce mata, “Wancan ƙaton na tsakiya rago ne, inuwa kawai yake yi wa 'yan'uwansa.” Ta yi dariya har ta ƙware. Da ta sha ruwa ta ce, “Malam, ashe ba ka sani ba? Tsaya ka ji.” Na ce ta riƙe saninta, na wanke hannu na fita. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Ba a daɗe ba ta sami ciki. Kafin kaka cikin ya tsufa, ta tafi goyon ciki wurin uwarta, wato gidan wan nata. Can ta haifi 'ya mace. Na yi duk abin da ake yi, rago da goro da ƙauri, na kuma shiga hidimar itacen wankan jego, don kullum safe da yamma sai an tafasa mata ruwa har kwana arba'in, kuma miji ne ke kawo itace.

Bayan suna da 'yan kwanaki mai unguwa ya zo ƙofata da dogarin hakimi. Wai za a gina wa Bature bariki a kan tudu, inda zai riƙa sauka in ya zo rangadi. Kowane gida ko dai ya ba da itacen da za a tsaga azara, ko maigidan ya yi kwana goma yana ɗaukar ƙasa. Ni kuwa dawata na tsaye a gona ta bushe, shanun Fulani sun fara gangarowa, kwana goman nan ko rabinsu na yi ba zan tarar da kara ba. Nan take ragon dabinon nan na tsakiya ya faɗo mini a rai. Na ce da mai unguwa ina da itace. Bai tambaye ni wanne ba, ya ce to, ya wuce gida na gaba.

Washegari da hantsi dogarin ya zo da masu gatari uku. Shi Bakano ne, su ma ba 'yan gari ba ne, abin da aka nuna musu shi suke sara. Suna cikin sara wasu tsofaffin mata da suka fito daga rafi suka tsaya suna salati, na ɗauka dogari suke tsoro. Can sai ga wan matata a kan jakinsa. Ya ja linzami ya tsaya. Gatari bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na gindin ba a lokacin, wannan ina da tabbas, don na sha auna shi a zuciyata. Na je na gaishe shi. Ya dubi bishiyar tun daga ƙasa har sama, ya ce, “Kai ka ba su?”

Na ce, “Ni na ba su, Yaya. Ai ba ya haihuwa.”

Ya ce, “Madalla.” Ya yi mini murmushi, na farko tun da na san shi. Bai tafi ba sai da bishiyar ta faɗi. Ni kuwa wawan Allah na koma gida ina jin daɗi, wai yau na yi abin da ya burge surukina.

Suka tafi da gangar jikin, suka bar mini kan da busassun gindin rassa. Na ce wannan ai itace ne Allah ya kawo. Na laɓta wa jaki na kai gidan surukai da la'asar, na sauke a ƙofar zaure, na yi sallama. Ban daɗe da zama ba na ji surukata daga bayan zana tana cewa, “Wannan itacen daga ina?” Na faɗa mata. Sai na ji takunta da sauri zuwa cikin gida.

Mai jego ba ta fitowa zaure, balle wurin miji, balle a gidan iyayenta. Matata ta fito. Jikinta na tururin ruwan wanka, zane ɗaya a ƙirji, mayafi a karkace. Ta ce, “Wanne ka sare?”

Na ce, “Na tsakiyan. Wanda ba ya haihuwa.”

Na zaci za ta yi ihu. Ta jingina da bango, ta yi magana a hankali yadda ake yi wa kurma, tana raba kalma da kalma. Ta ce dabino akwai namiji akwai mata. Namijin ba ya 'ya'ya, fure yake yi mai gari. In sanyi ya shigo matan suka buɗe, sai mahayi ya hau namijin ya yanko furen, ya hau matan ɗaya bayan ɗaya ya cusa musu ya ɗaure. Shi ne barbara. In ba a yi ba, 'ya'yan sai su fito ƙanana ba ƙwallo, su kaɗe tun ba su nuna ba. Ta ce babanta a kansa ya ɗauko wannan tun yana ɗan tsiro, ya yi shekaru yana ba shi ruwa da tulu. A duk wannan gefen na gari maza biyu ne, da wanda na sare da wanda ke garkar bayan gidan nan. Sannan ta dubi itacen da na sauke ta ce, “Da shi ka kawo a dafa mini ruwan wanka?” Ta sa aka kwashe aka mayar mini kan jaki.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma kunyar ba ta daɗe ba ta zama fushi. Na yi fushi da Baturen da ban taɓa gani ba, na yi fushi da mai unguwa, da tsofaffin da suka tsaya salati maimakon su buɗe baki. Amma murmushin nan shi ya fi ci mini rai.

Bayan kwana biyu wan nata ya tara dattawan unguwa a zaurensa ya aika aka kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce baƙon nan ya ɗauki gadon marainiya ya ba Nasara ba da izininta ba, saboda haka in ta yi arba'in ba inda za ta koma, filin rafi kuma shi zai riƙa kula da shi. Na ce, “Yaya, kuna tsaye aka sare, me ya hana ku magana?” Ya dubi dattawan ya ce, “Kun ji. Ni zan hana dogarin hakimi aikinsa?” Duk suka gyaɗa kai. Na san ko gaban alƙali aka je ni ne a ƙasa, don dukiyarta ce na ɓarnatar. Da zan fita surukata ta tare ni ta bayan zana da saƙon 'yarta. In matan nan huɗu sun sami barbara bana za ta koma ɗakinta. In sun wuce ba su samu ba, in aiko mata da takardarta.

Na girbe dawata ba tare da na san ina girbi ba. Sannan na bi masu dabino har ɗaya gefen gari, gida gida, ni da na rantse ba zan tambayi kowa komai ba. Kowa na je sai ya karɓe ni da fara'a, ya ji abin da ya kawo ni, ya ce ai surukina na da shi, me zai sa a tsallake na gida. Wani ya ce nasa bai buɗe ba, alhali ina jin ƙamshinsa daga inda nake tsugune. Ba wanda zai shiga rigimar gidan mutumin nan saboda ɗan ƙodago. Wani tsohon mahayi ne kawai, wanda ya yi wa marigayi surukina aiki shekara da shekaru, ya ce in na samo furen zai hau mini.

Shi ne ya zo ya same ni wata safiya ya ce matan sun fara tsagewa, kuma 'yan kwanaki kaɗan ne, in suka wuce shi ke nan sai baɗi. Na ce da kaina durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ko da yake wannan wadan ya fi ni tsawo. Na tafi zaurensa. Ranar farko aka ce yana karatu, na zauna har azahar bai fito ba. Rana ta biyu aka ce ya yi sammako ya tafi Kiyawa cin kasuwa. Rana ta uku na zo da mahayin, na bar shi a waje, na tarar da zauren cike da mutane. Na cire takalmi na zube a gabansa. Ya bar ni a haka yana hira da na kusa da shi a kan farashin fata. Da ya ga dama ya ce, “Me baƙon yake so?”

Na faɗa.

Ya ce, “Faɗa wa jama'a abin da ka yi tukuna.”

Na ce na yi wauta, na sare abin da ban sani ba. Ya ce bai ji ba. Na maimaita. Sai ya zaro wani ƙulli na tsumma daga bayansa ya jefo mini. Na buɗe na ga tsinkayen fure farare. Har godiya na yi masa.

Na juya zan fita na ji muryar matata daga ƙofar cikin gida. Ta riga ta yi arba'in da kwana biyu. Ta ce, “Malam, miƙo in gani.” Ta shigo zauren gaban mazan nan duka, da goyo a bayanta. Ta shimfiɗa gefen baƙin mayafinta a tafin hannu, ta karkaɗa furen a kai. Ba abin da ya zuba. Ta sake karkaɗawa, ta sansana, ta ɗago kai ta dubi wanta.

Ta ce, “Yaya, wannan an riga an kakkaɓe shi. Ƙaiƙayi ka ba shi.”

Ya ce, “Koma ciki.”

Ta ce, “Shi jahili ne, bai san abin da ya sare ba, bai san abin da ka ba shi ba. Kai fa? Kai ka riƙe wa Baba tulu yana ba su ruwa. Don ka kori mutum ɗaya za ka bar dabinon Baba su zubar da ciki?”

Ya ce, “Na ce ki koma ciki.”

Ba ta koma ba. Ta leƙa waje ta kira mahayin, ta ce ya bi ta garka. Wan ya miƙe ya tare ƙofa, ya ce duk wanda ya taɓa masa bishiya zai gani. Ta ce, “Wanda ya dasa wancan shi ya dasa wannan. In za ka hana, hana a gaban mutanen nan su shaida.” Sai muryar tsohuwar daga bayan zana, kalma biyu: “Bar ta.” Ya matsa. Da muka haɗa ido da shi na san ni da shi har abada.

Mahayin ya yanko furen namijin garka, ta bi mu har rafi da ƙafa, ta tsaya a rana da goyonta har mahayin ya gama da na huɗu. Ko sau ɗaya ba ta dubi kututturen ba, ni ma ba ta dube ni ba. Uku suka kama, ɗaya ta riga ta wuce, a shekarar ba ta ba da komai ba. Kafin magariba aka kawo kayanta gidana. Na shiga ɗakin na fara haɗa kalmomin godiya da ban haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, “Ba dominka na dawo ba. Na ga wanda ya sare da jahilci, na ga wanda ya tsaya yana kallo da saninsa. Jahili zan iya zama da shi. Tashi ka ɗebo ruwa, randa ba komai.”

Barikin kuwa an gina shi. Baturen ya kwana a ciki 'yan kwanaki, ya ce jemagu sun dame shi, ya koma kafa tanti a waje. Ba a yi wasu shekaru ba gara ta cinye azarar, don dabino ba giginya ba ne, wannan ma daga baya na sani. Kututturen ya fitar da ɗan tsiro a gindi, na kewaye shi da ƙaya, na yi ta ba shi ruwa da tulu har ya yi fure. Kafin nan kowace shekara ita ke aikawa garkar wanta, shi kuma bai sake hanawa ba. Ni da shi ba mu sake gaisawa ba. A masallaci in yana sahun dama ina na hagu, a wurin suna ko jana'iza kowa ya san ba a zaunar da mu tabarma ɗaya. Da ya rasu na je na yi masa salla don kada a ce, amma ban yafe masa murmushin nan ba, kuma ba zan yi ƙarya a tsufana in ce na yafe ba.

Ita kuwa ta zauna. Mun haifi 'ya'ya shida, mun binne biyu, ta yi jinyata lokacin da ƙafa ta kwantar da ni damina guda, ba ta taɓa barina da yunwa ba. Amma ba ta taɓa miƙo mini dabino da hannunta ba. Da azumi in an kira salla sai ta ɗauko faifai ta bi kowa, 'ya'ya, baƙi, maƙwabta, har 'ya'yan wanta in sun shigo, ta sa wa kowa a tafin hannu. In ta zo kaina sai ta ajiye faifan a ƙasa ta wuce. Da fari na yi faɗa, daga baya na yi zolaya, daga baya na daina magana.

A ciwonta na ƙarshe, da ba ta iya haɗiyar tuwo, ta ce tana marmarin na bakin rafi. Na je da kaina na zaɓo mata masu laushi. Ta ɗauki ɗaya ta raba biyu, ta ci rabi da ƙyar, ta riƙe rabin tana kallona. Mu biyu ne a ɗakin. Na buɗe tafin hannuna na matsa kusa. Ta daɗe tana duban hannun, sannan ta miƙa nata a hankali ta ajiye rabin a bakin tabarma. Na sunkuya na ɗauka na ci.